Bidiyon Da Ya Rufe Bakin Yaya

Akwai wata malamar Turanci a wata makarantar kuɗi, a gida ana ce mata Auta, a makaranta kuma Malama. 'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, labarinta na kawo muku yau, kuma ina roƙon ku daure ku karanta har ƙarshe.

Auta ta iya Turanci, wannan ko maƙiyinta ba zai musa ba. Amma ba daga sama iyawar ta faɗo mata ba.

Tana ƙarama mahaifinsu ya rasu, ba a jima ba mahaifiyarsu ta bi bayansa. Wanta guda ɗaya, wanda take kira Yaya, shi ya ajiye jakar makaranta ya shiga tasha. Daga wankin mota ya koyi tuƙi, daga tuƙi ya samu aiki a wani kamfanin rarraba ruwan gora. Da wannan sitiyarin ya riƙe ta har ta gama jami'a.

A wurin aiki Dogo suke ce masa. Mutum ne mai raha, bakinsa ba ya zama shiru, kuma yana son Turanci kamar ransa. Abin da ya tsinta a tasha da bakin masu shaguna, shi yake harhaɗawa ya yi magana da shi, ba tsoro ba jin nauyi. In ya kwaɓa aka yi dariya, sai ya taya su, ya ce, "To ai dai saƙon ya isa."

Ita kuwa Auta, ban da koyarwa, tana da shafi inda take saka gajerun bidiyoyi. Takan tsaya gaban wani ɗan farin allo a ɗakinta, ta ɗauki kalmomin Turanci da mutane ke rikitawa ta warware su. Malamin kwamfuta na makarantarsu ne ke gyara mata bidiyon kafin ta saka.

Aikin yana da kyau, sai dai masu kallo ba su taka kara sun karya ba. Wannan abu yana ci mata rai. Tana ganin waɗanda ba su kai ta sani ba suna tara dubban mabiya, ita kuwa daga ɗalibanta sai 'yan ƙawayenta.

Wata ranar Asabar da rana, sai ga Yaya ya yi sallama, sanye da rigar kamfani, hularsa a hannu. Ya zauna a bakin kujera kamar baƙo.

"Yaya, lafiya? Yau ka zauna kamar wanda ya zo neman aure."

Ya yi dariya, ya sosa ƙeya. "Auta, alfarma na zo nema. Shugaban direbobinmu zai ajiye aiki, an ce duk mai so ya nema. Kin san bayan nan nawa ya fara ba ni wahala, likita ma ya ce in rage zaman mota. In na samu kujerar nan, na huta. Kowa ya san na fi kowa daɗewa. To amma sabon manajan ba ya jin Hausa, da Turanci za a yi ganawar."

"Shi ne kake ta kwana-kwana? Yaya, ai wannan haƙƙinka ne a kaina. Tashi mu fara."

Ta ja tebur ta zauna a bayansa, ta ɗaure fuska ta zama manaja. Ta tambaye shi da Turanci me zai yi idan motar wani direba ta lalace a hanya.

Ya gyara tsayuwa ya ce, "I will borrow him my own."

"Tsaya nan. Borrow shi ne kai ka karɓi aro. In kai ne za ka bayar, lend ake cewa. I will lend him mine."

Ya riƙe haɓa. "Ke nan aron guda ɗaya suka yi wa kalma biyu? Kai, mutanen nan da ɓarna suke!"

Suka ci gaba. Da ya so ya ce bai taɓa ɓatar da kayan kamfani ba, sai ya ce loose. Ta nuna masa cewa lose shi ne ɓatar da abu, loose kuwa abin da ya yi sako-sako, kamar notin taya da ya kwance. Da jin an ambaci noti sai fuskarsa ta washe, ya ce wannan kam ya zauna daram.

Da ya ce yana tuƙi since many years, ta ce masa since sai an faɗi lokacin da aka fara, in kuwa tsawon lokacin ake nufi, for ake sawa. Ya maimaita, ya sake maimaitawa, gumi na tsattsafo masa a goshi.

Can sai ta ce, "Bari in riƙa ɗaukar ka a waya, in ka ji muryarka da kunnenka za ka fi gane inda kake zamewa."

Ya kalli wayar. "To, amma tsakanina da ke, Auta. Ko Antinki kar ta gani, ta samu abin tsokanata."

"Haba Yaya, wa zan nuna wa?"

Ta jingina wayar a kan littattafai, ta yi masa tambayar ƙarshe: me ya sa yake son wannan aiki?

Yaya ya miƙe sosai, ya ɗora hannu a ƙirji. Babu wasa a fuskarsa, daga zuciyarsa maganar ta fito. Ya ce, "Sir, I love this company. I want to leave here until I die."

Auta ta fashe da dariya har ta kifa kai a tebur. Da ƙyar ta tsagaita ta ce, "Yaya, ka kori kanka da kanka! Leave, in ka ja ta, tafiya ce, barin wuri. Live, gajeriya, ita ce zama da rayuwa. Kai ka ce wa manaja kana son ka bar wurin."

Shi ma ya yi 'yar dariya, ya share gumi da hularsa. "To Allah ya sa a gabanki na yi, ba a gabansu ba."

Daga ranar kullum ƙarshen mako yana zuwa. Mutumin da ya bar aji tun yana yaro ya koma ɗalibi. A cikin mota yana maimaitawa, a gida yana maimaitawa, har matarsa ta ce ko cikin barci sai ta ji yana lend, borrow. Bakinsa ya fara faɗawa, ita kanta Auta tana mamakin saurin kamawarsa.

Ana nan, wata rana malamin kwamfuta yana kwashe mata bidiyoyi daga waya, sai ya ci karo da na Yaya. Ya kalla, ya yi dariya har da buga tebur.

"Malama, kina da wannan kike kukan rashin masu kallo? Wallahi in kika saka shi, kin wuce wurin."

"A'a, wana ne. Ya ce kar kowa ya gani."

"To wa ya ce a ga fuskarsa? Sai in dushe ta. Mutane ba sa son allo da alli, suna son abin dariya. Kuma ai ilimi za ki bayar, ba zagi ba."

Ta ce a'a, amma a'ar ba ta da ƙarfi. Ta koma gida maganar na yi mata yawo a kai. Ta ce wa ranta, fuska a rufe, wa zai gane? Kuma mutane nawa ne za su amfana? Ta ɗauki waya za ta kira Yaya ta tambaye shi, sai ta ajiye, don ta san amsar da zai ba ta.

Washegari ta ce wa malamin kwamfuta ya gyara. Suka yanka bidiyon, bayan kowane kuskure sai ta fito gaban allonta ta yi bayani. A sama suka rubuta: Kada ka yi Turanci irin na wannan direban.

An dushe fuska kam. Amma ba a dushe rigar kamfani ba, ba a canza murya ba, kuma ga karkataccen ɗan yatsansa da ƙofar mota ta taɓa datsewa, a fili a kan ƙirjinsa.

Kafin a ce me, bidiyo ya kama wuta. Wayarta ta yi ta ƙara har ta yi zafi. Masu bibiya suka riƙa shigowa kamar an buɗe famfo. Wani shagon littattafai ya nemi ta yi masa talla. A makaranta har shugaba sai da ya yaba mata a gaban malamai. Auta ta ji kanta a sama.

Tana cikin karanta sharhin mutane tana murmushi, sai idonta ya faɗa kan wani layi: "Kai! Wannan ai Dogo ne na kamfanin ruwa."

Ta kai yatsa za ta goge bidiyon, sai ta kalli yawan masu kallo yana ta hawa. Ta ce bari zuwa gobe. Goben ta zo, ta sake cewa gobe.

Asabar ta zagayo, Yaya bai zo ba. Ta ce wataƙila aiki ne ya yi masa yawa. Ta gaba ma bai zo ba. Ba ta kira ba, domin tana tsoron abin da za ta ji.

Matarsa ce ta kira ta wata safiya. Ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba, ta ce, "Auta, in kin tashi daga aiki ki zo gida."

Da ta shiga gidan sai ta tarar da kwalaye a falo. An sauke labule, an naɗe katifar yara an ɗaure da igiya. Matar Yaya na durƙushe tana nannaɗe kofuna da tsohuwar jarida.

"Anti, me ke faruwa? Ina za ku?"

Matar ba ta ɗago ba. "Zauna, in kin samu wurin zama."

Ta ba ta labari, muryarta a kwance, hannunta bai daina aiki ba. Ta ce tun ranar da abin ya fita, direbobi ke kunna shi a harabar kamfani. In ya zo fita da mota sai masu lodi su ɗaga murya, "Oga, leave ko live?" Da farko yana taya su dariya, yana zaton wani ne ya saci wayar ƙanwarsa. Sai da wani ya nuna masa shafin, ya ga Auta tsaye gaban allo tana nuna kuskurensa da sanda.

"Ranar da ya dawo bai ci abinci ba. Na ce ya kira ki, ya ce a'a, yarinta ce. Ya ce zai daure ya yi ganawarsa, in ya samu kujerar kowa zai yi shiru."

"Ya yi ganawar?" Auta ta tambaya.

"Ya yi. Ni na goge masa riga. Ya ce tambayoyin farko duk ya amsa daidai, yadda kika koya masa, har manajan na gyaɗa kai. Sai ɗaya daga cikin manyan da ke zaune ya ce masa, cikin wasa, wai tafiya yake so ko zama. Akawun da ke rubutu ya ƙyalƙyale da dariya. Manaja bai san zancen ba, ya tambaya me ya faru. Shi ne aka ciro waya aka kunna masa, a gaban yayanki."

Sai a nan matar ta ɗago ta dube ta.

"Ya ce ya san amsar, Auta. Tana bakinsa. Amma da ya ji dariyarki ta fito daga wayar nan ta cika ofishin, sai harshensa ya ƙi motsi. Ya ce dariyar duniya duka ba ta dame shi ba, taki ce ta tsaya masa a wuya. Ya ciro mukullin mota ya ajiye musu a tebur ya fito."

Ta ƙara da cewa manajan ma bai yi dariya ba, har ya aiko a kira shi ya dawo bakin aikinsa. Yaya ya ce ba zai iya sake shiga harabar nan ba. Wani tsohon abokinsa ya samo masa tuƙin babbar mota a wani gari mai nisa, can za su koma.

"Babbar mota? Da wannan bayan nasa?"

"To me za mu ci?"

Suna haka sai ga Yaya ya shigo da igiya a hannu. Ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu. Da ya gan ta sai ya yi murmushi, irin wanda ake yi wa baƙo.

"Auta, ke ce? Ya makaranta?"

Ta zube a gabansa ta riƙe ƙafarsa, kuka ya ƙwace mata. "Yaya, ka yafe mini. Wallahi ban zaci zai kai haka ba. Na rufe fuskarka, na ɗauka ba wanda zai gane. Ka zage ni, ka doke ni, amma kar ka tafi."

Ya sunkuya ya ɗago ta. "Tashi, kar yara su shigo su gan ki haka."

Ya zauna a kan wani kwali, ya daɗe yana murza igiyar da ke hannunsa.

"Ban taɓa dukan ki kina ƙarama ba, ba yau zan fara ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Tun da Baba ya rasu, me kika taɓa nema a wurina na hana ki? Da kin zo kin ce, Yaya, ina son in saka abin nan don in samu ci gaba, wataƙila in yi gardama, amma kin san ƙarshenta zan ce ki saka. Da na shiga kamfani da ƙirjina a buɗe, in ce ni na ba ta. Amma sai a bakin yaran lodi na ji."

"Yaya..."

"Na san ban iya ba, Auta. Shi ya sa na zo wurinki. Mutum ai a gida yake cire riga."

Ya miƙe ya ci gaba da ɗaure kaya. "Na yafe miki, duniya da lahira. Je ki taya Antinki."

A ranar ta goge bidiyon, ta fito ta ba da haƙuri a shafinta. Amma wasu sun riga sun sauke, sun yanka, sun sa masa kiɗa. Da ta je wa malamin kwamfuta da kuka, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Malama, ai ya riga ya fita daga hannunmu."

Bayan su Yaya sun tashi, wata rana tana cikin motar haya, sai ta ji muryar Yaya daga wayar wani saurayi a kujerar baya, sannan dariyarta ta biyo. Duk motar aka kwashe da dariya. Ta ce wa direba ya tsaya, ta sauka tun ba a kai unguwarsu ba, ta ƙarasa a ƙafa tana share hawaye da bakin mayafi.

Ta rufe shafin gaba ɗaya. A aji ma ta canza. In yaro ya yi kuskure 'yan aji suka fara dariya, sai ta daka musu tsawar da ba su san ta da ita ba.

Tana kiran Yaya, yana ɗauka. Ya tambayi lafiyarta, ya tambayi aiki, ya sa mata albarka. Amma mutumin da a da sai ta ce masa katinta zai ƙare kafin ya ƙyale ta, yanzu gaisuwa ce kawai sai sallama.

Da aka yi dogon hutu ta shirya ta tafi garin da suka koma. Matarsa ta ce yana garejin manyan motoci, yana jiran lodi. Can ta same shi, zaune a kan benci a inuwar wata tirela, ya ɗaure ƙugunsa da wani faffaɗan bel saboda ciwon baya. Furfura ta cika masa kai. Da zai miƙe ya tarbe ta sai da ya dafa taya.

Ya sa aka kawo mata lemo mai sanyi. Suna zaune suna 'yar hira, sai ga wani mai kaya, baƙo ne da ba ya jin Hausa, ya nufo su. Ya tambayi Yaya da Turanci ko motarsa ce wannan, kuma ko za ta iya tashi gobe.

Tambaya ce mai sauƙi. Auta ta san ya ji, ta ga amsar a idonsa. A da, da tuni ya miƙe ya tare shi da surutu har sai sun rabu suna dariya.

Yaya ya sunkuyar da kai. Ya girgiza hannu ya ce da Hausa, "Ba na ji." Ya ƙwala wa wani direba kira ya zo ya yi magana da mutumin. Suka ja gefe, lodin ya tafi ga wancan.

Auta ta ji kamar an soka mata wuƙa. "Yaya, ka fa ji abin da ya ce. Ka iya amsawa. Don Allah mu koma karatunmu, ko ta waya ne. Ba ɗauka, ba kowa, daga ni sai kai."

Ya yi murmushi, yana kallon ƙasa. "Bar shi, Auta. Duk sanda na buɗe baki zan yi, sai in ji kamar ana jira in faɗi. Hausar ma ta ishe ni cin abinci. Sha lemonki kar ya yi ɗumi."

Ta kasa sha. Ta zauna riƙe da kwalbar, hawaye na ɗiga a kan hannunta, shi kuma yana kallon titi kamar bai gani ba.

Ranar da za ta koma, ya dage sai ya raka ta tasha, yana tafiya a hankali yana dafe da ƙugu. Ya zagaya motar ya duba tayoyin da idon direba, ya zaɓa mata kujerar da ba ta kan taya. Da ta zauna sai ya leƙa ta tagar gaba ya taɓa kafaɗar direban.

"Ɗan'uwa, ka bi a hankali da wannan. Ƙanwata ce. Malamar makaranta ce, har jami'a ta yi. Duk gidanmu ba mai iliminta."

Motar ta tashi. Auta ta juya tana kallon sa ta gilashin baya, tsaye a cikin rana, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya a sama yana ɗaga mata. Ta toshe bakinta da mayafi don kar fasinjoji su ji, ta yi kuka har garin ya ɓace.

Darasi: Sanin bambancin borrow da lend, ko leave da live, ilimi ne mai kyau, a koya kuma a koyar. Amma wanda ya kawo maka rashin saninsa amana ya kawo maka. Ka gyara masa tsakaninku, kada ka mai da shi abin dariya don a tafa maka. Kuskuren Turanci ana gyara shi a zama ɗaya, amma bakin da ka rufe da wulaƙanci wataƙila ba zai sake buɗewa ba, ko da mai shi ya yafe. Ku tura wannan ga duk wanda Allah ya ba ilimi, ko ya tuna da waɗanda suka haƙura da nasu karatun don shi ya yi.